Garin Babana Yana Ƙarƙashin Ruwan Kiri

  

Akwai wata tambaya da na tabbata babu ɗayanmu da ba a taɓa yi masa ita ba, wato "kai ɗan ina ne?" Idan na ce Jimeta, sai a ce a'a, asali ake nufi. Sai in ce Kano, alhali duk rayuwata ban haɗa kwana goma a Kano ba. Shi kuwa Babana idan aka yi masa wannan tambaya a shago, sai ya ɗan yi shiru tukuna, sannan ya ce, "Garinmu ruwa ya cinye." Muna yara mun ɗauka ba'a yake yi. Sai da na gama sakandare na fara zaman shago tare da shi, a lokutan da kasuwa ta yi sanyi tsakanin azahar da la'asar, sannan na riƙa tsintar labarin kaɗan-kaɗan. Na haɗa da abin da Kakata ta faɗa mini kafin rasuwarta, da abin da na karanta. Shi ne na ga ya kamata in rubuta, domin akwai wani dam da dukkanmu muke kiran a gina a yau, kuma ina ganin akwai abin da ya kamata mu tuna kafin mu ci gaba da kiran.

Kogin Gongola da mutanensa

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Numan ya san inda kogin Gongola ya haɗu da Binuwai. Shi Gongola daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratsa ƙasar Bauchi, ya yi arewa maso gabas har Nafada, sannan ya juyo kudu ta ƙasar Gombe, kogin Hawal ya zubo masa daga wajen Biu, ya gangaro ya faɗa Binuwai a Numan. Sunansa aka ba tsohuwar jiharmu da aka ƙirƙiro a 1976, wadda aka raba ta gida biyu a 1991, Adamawa da Taraba.

A wannan yanki na ƙarshe kafin Numan, gabas da kogi akwai ƙasar Shelleng ta Kanakuru, waɗanda su suke kiran kansu Dera, sarkinsu kuma Amna Shelleng. Yamma da kogi akwai ƙasar Guyuk ta Lunguda, mutanen duwatsu. Idan ka ƙara gangarawa kudu sai ka shiga ƙasar Bachama. Ga kuma Fulani makiyaya masu saukowa kwari da rani. Mu Hausawa a bayan duk waɗannan muka zo, kuma wannan magana ce da bai kamata mu ji kunyar faɗinta ba, domin ita ce gaskiya, kuma ita ce tushen abin da ya same mu daga baya.

Ƙasar kwarin baƙa ce, mai danƙo. Da damina in ka taka sai ta cire maka takalmi, da rani kuma ta tsattsage har ƙafar akuya ta faɗa. Amma manomi ya san darajarta. Kowace shekara kogi zai cika ya malala cikin fadama, ya ajiye sabuwar laka, ya janye. Da ya janye sai a bi shi da dashen masakwa, dawar nan ta rani da ba ta neman ruwan sama. Ke nan mutum yana da girbi biyu a shekara, na tudu da na fadama, ga kifin da ruwa ya bari a tafkuna. Wanda yake da wannan ko ba shi da sisi a aljihu ba ya kwana da yunwa.

Yadda Kakana ya je can

Kakana ɗan koli ne daga ƙasar Kano. Tun zamanin Turawa ya fito da jaki ɗaya da mangala, yana sayar da allura, zare, madubi, kanwa, gishiri da goro, yana bin kasuwannin ƙauye. Ya bi ta Gombe ya gangaro har ya iso wani ƙaramin ƙauye a gindin dutse, a ɓangaren Lunguda, inda tudu ya sauko ya haɗu da fadama. Damina ta tare shi a nan, hanya ta yanke, sai wani dattijo ya ba shi ɗaki a gidansa. Da ruwa ya ɗauke bai tafi ba. Ya ga ana noma auduga da gyaɗa amma babu mai saye kusa, sai ya zama shi ne mai tarawa yana kai wa Numan, ya dawo da gishiri da atamfa da kananzir.

Mai masaukinsa ya nuna masa fili ya gina gida, ya kuma ba shi aron gona biyu, ɗaya a tudu ɗaya a fadama. Babu takarda, babu kuɗi. Sharaɗin kawai shi ne duk girbi a kai wa mai gona damin dawa, ba don yana buƙata ba, sai don kowa ya riƙa tunawa da wanda ya mallaki ƙasar. Itatuwan da ke cikin gonar kuma, ɗorawa da tsamiya da kaɗanya, na mai gona ne, kana iya shan inuwa amma 'ya'yan nasa ne. Kakana ya koma Kano ya auro Kakata ya kawo ta. Wasu Hausawa suka biyo shi, mahauci ɗaya, wanzami, maɗinki, malamin allo, har suka zama gida bakwai ko takwas da ɗan masallacinsu na jinka. A nan aka haifi Babana.

Tasowa a gindin dutse

Idan Baba yana ba da labarin yarintarsa, ba ya fara wa da kogi, da dutse yake farawa. Ya ce da asuba inuwar dutsen ce ke gaya musu lokaci, da yamma kuma rana kan faɗa bayansa tun kafin ta faɗi a sauran duniya. Lunguda sun daɗe da sanin zaman tudu, domin a zamanin yaƙe-yaƙe da farautar bayi duwatsun nan ne suka zame musu ganuwa. Bayan an sami zaman lafiya ne da yawansu suka riƙa saukowa kwari. Baba ya ce har lokacinsu akwai tsofaffin da suka ƙi saukowa, suna noma a jikin dutse, sun jera duwatsu layi-layi don kada ruwa ya kwashe ƙasa.

Aikin yara maza da kaka shi ne gadin birai. Tun duku-duku za a kora su gona da gwangwani da majajjawa, su hau rumfa su yi ta ihu har rana ta faɗi, domin gwaggon biri in ya sauko da tawagarsa sai ya share gonar masara kafin a sha fura. A wajen wannan gadi Baba ya koyi Lungudanci, har ya fi jin sa fiye da Fulatancin da ya koya daga baya a Jimeta. Da rani su hau dutse farautar rema, su tono muruci a gindin giginya, su sauko kogi su yi su a tafkunan da suka fara ƙafewa. Tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, abin da aka kasa ci a yi banda. Da dare su yi karatun allo a hasken wutar kara, abokansu kuma da yawa ranar Lahadi su tafi coci. Ya ce da sallah Kakata sai ta dafa tukunya biyu, domin rabin masu zuwa cin tuwo ba Musulmi ba ne, in Kirsimeti ta zo kuma a aiko musu da akuya a raye don su yanka da hannunsu.

Kada mai karatu ya ɗauka aljanna ce. Baba da kansa yana cewa babu asibiti, babu famfo, makarantar boko sai an yi tafiya mai nisa a ƙasa. Da damina mota ba ta shiga, mace in haihuwa ta zo da gardama a amalanke ake ɗaukarta. Cikin 'ya'ya tara da Kakata ta haifa, uku suna kwance a maƙabartar ƙauyen, ba su kai shekara biyar ba. Na kawo wannan ne don kada a ce ina yabon talauci. Amma wuri ne da kowa ya san kowa, kuma kowa ya san inda abincinsa na baɗi zai fito.

Yadda dam ya zo

Don a fahimci abin da ya kawo dam ɗin Kiri, sai an tuna halin da Najeriya take ciki a shekarun 1970. An gama yaƙin basasa a 1970, kuɗin man fetur ya fara shigowa kamar ruwa, sannan ga babban farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974 wanda ya kashe dabbobi ya kori mutane daga arewa. Gwamnati ta ɗauka maganin yunwa shi ne manyan madatsun ruwa da noman rani. A Kano Audu Baƙo ya gina Tiga. A 1976 aka kafa hukumomin raya koguna guda 11 a faɗin ƙasa, ciki har da ta Binuwai ta sama wadda hedikwatarta ke nan Yola.

A ɗaya ɓangaren kuma ƙasa tana kashe kuɗi masu yawa wajen sayo sukari daga waje. Shi ya sa a 1971 aka kafa kamfanin sukari na Savannah a yankin Numan, haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da hukumar CDC ta Ingila, a kan fili mai faɗin kimanin hekta 32,000. Rake kuwa shuka ce mai ƙishirwa, tana son ruwa wata goma sha biyu, Gongola kuma da rani ba ya da ruwan kirki. To sai aka yanke shawarar a tare kogin a Kiri, kimanin kilomita 25 sama da Numan, a tara ruwan damina, a jawo shi ta doguwar magudana zuwa gonakin rake da ke wajen Gyawana.

An kammala dam ɗin a 1982, zamanin Shugaba Shehu Shagari, lokacin Alhaji Abubakar Barde yana gwamnan Gongola. Bangon ƙasa ne da laka, tsawonsa kilomita 1.2, tsayinsa mita 20, an kuma tsara shi ya riƙe ruwa kubik mita miliyan 615. Mutanen da ruwan ya tayar sun haura 20,000. A takarda wannan layi ɗaya ne. Gidanmu yana cikin wannan layin.

Awo da diyya

Baba yana ɗan shekara goma ko sha ɗaya ya fara ganin safiyo. Sun zo da mota da dogayen sanduna masu ja da fari, suna leƙawa ta wani madubi mai ƙafa uku, suna kafa turaku, suna shafa wa duwatsu fenti. Yara suka bi su suna murna. Da aka gaya wa tsofaffi cewa ruwa zai kai har inda fentin nan yake, dariya suka yi. Mai masaukin Kakana ya ce shi da ubansa da kakansa sun ga cikar kogi iri-iri, ba a taɓa yin wadda ta wuce gindin tsamiyar kasuwa ba, to wane ne zai koya wa kogi hawan tudu?

Bayan safiyo sai masu ƙidaya, da littafi da biro. A nan ne maganar take. A 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta fitar da dokar mallakar ƙasa, wadda ta ce duk ƙasar jiha tana hannun gwamna a matsayin amana. Ma'anar wannan ga talaka ita ce, idan gwamnati ta karɓi wuri don amfanin jama'a, ba ta biyan kuɗin ƙasar kanta. Abin da ake biya shi ne abin da ke bisanta, wato gini, amfanin gona da itatuwa masu 'ya'ya. Fadamar da ta ciyar da gida shekara ɗari, kuma za ta ciyar da shi wata ɗarin, kuɗinta bai wuce na dawar da aka tarar a tsaye ranar ƙidaya ba.

Wannan ya cuci masu ƙasa. Mu kuma baƙi sai abin ya zo mana ninki biyu. Gonar aro ce, don haka sunan mai ita aka rubuta. Itatuwa nasa ne tun fil azal. Abin da ya rage wa Kakana shi ne ɗakuna huɗu na ƙasa da jinka, da rumbu biyu, da shago mai rufin kwano. Amma ainihin dukiyar ɗan kasuwa ba a ganinta da ido. Dukiyar Kakana ita ce mutanen da suka san shi, da bashin da ya bayar kafin girbi, da ranakun kasuwa huɗu da yake zagayawa. Babu layin da za a rubuta wannan a littafin masu ƙidaya. Da aka watsa mutane, wasu suka hau tudu, wasu suka tsallaka kogi, wasu suka yi Numan ko Gombe, bashin ya tafi tare da su. Ba don sun ci amana ba. Wanda ya rasa gonarsa da me zai biya?

Kakata ta ce da kuɗin ya fito, bayan an yi ta kai da kawowa, Kakana ya ƙirga ya sake ƙirgawa, sannan ya ce mata, "Zanen aro dai ba ya rufe katara." Amma ta gaya mini wani abu da nake so 'yan uwa su riƙe. Mai masaukinsu, wanda lokacin ya tsufa ƙwarai, ya aiko ɗansa da dare da wani abu ƙunshe a tsumma. Kaso ne daga kuɗin itatuwan gonar da Kakana ya noma. Ya ce a gaya masa shekara talatin yana kare itatuwan nan daga gobarar daji, don haka yana da haƙƙi a ciki. Babu dokar da ta tilasta masa.

Ranar tashi

Ruwan bai zo da ƙarfi kamar ambaliya ba. A hankali ya riƙa hawa, yau ya ci gonar wane, jibi ta wane. Baba ya ce sukan kafa kara da yamma a bakin ruwa, da safe su tarar ya nutse. Macizai da kunamu da ɓeraye suka riƙa gudowa cikin gida. Sai da ruwa ya wuce gindin tsamiyar kasuwa sannan tsofaffi suka yarda.

An nuna wa mutanen ƙauyen sabon wuri a kan tudu. Ƙasar tsakuwa ce, babu fadama, kuma tana da masu ita tun da. Wanda shi kansa aka tsugunar a gonar wani, ina zai sami wadda zai ara wa baƙo? Hausawan nan gida takwas sai kowa ya kama gabansa. Kakana ya cire kwanon shagonsa da ƙofofi, ya ɗaure su a bayan a-kori-kura tare da tabarmi da tukwane da turmi, ya nufo Jimeta inda yake da wani ubangida mai sayar da hatsi.

Kafin su hau mota, Kakata ta tafi maƙabarta ita kaɗai. Ba ta taɓa gaya mini abin da ta yi a can ba. Abin da na sani shi ne har ta rasu ba ta cin kifin Kiri. In an kawo banda gida sai ta tambaya na ina ne.

Su kuma masu ƙasar, abin da suka bari a ƙarƙashin ruwa ya fi namu nesa ba kusa ba. Mu kaburbura uku muka bari da shekara talatin da 'yan kai. Su sun bar kakannin kakanni, da wuraren al'adarsu, da sunan kowace gona da kowane rafi.

Ba a kanmu aka fara ba

Da na fara karance-karance sai na ga ashe labarin iri ɗaya ne ko'ina. Dam ɗin Kainji da aka gama a 1968 ya tayar da sama da mutum 40,000 a ƙasashen Borgu da Yauri, har tsohon garin Bussa ya nutse aka gina sabo. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, manoma sun yi ta neman diyyarsu har suka tare hanyoyin aikin, a watan Afrilu na 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai suka mutu, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Wannan ya faru ne daidai lokacin da ake aikin Kiri, kuma Baba ya ce labarin ya iso musu ta bakin direbobi, ya sa kowa ya kama bakinsa. A kan Gongola ɗin dai aka sake gina dam ɗin Dadin Kowa kusa da Gombe, shi ma ya tayar da garuruwa. A Gana, Akosombo ya tayar da kimanin mutum 80,000. Wani kwamitin duniya da ya yi nazarin madatsun ruwa ya ƙiyasta a rahotonsa na shekarar 2000 cewa tsakanin mutum miliyan 40 zuwa 80 ne aka raba da gidajensu ta wannan hanya.

Jimeta

Jimeta dama garin baƙi ne. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, ita kuwa Jimeta bakin ruwa ne ya raya ta, inda jiragen kamfanonin Turawa ke tsayawa su ɗauki gyaɗa da auduga da fatu. Fatake da 'yan dako da ma'aikata suka cika ta. Don haka babu wanda ya yi mamakin ƙarin gida ɗaya. Kakana ya kama hayar ɗaki biyu, ya fara awon hatsi da mudu a ƙarƙashin ubangidansa, mutumin da a da shi ne mai saye da buhu. Bai gama tsayawa da ƙafarsa ba sai ga rikicin Maitatsine na watan Fabrairun 1984, wanda ya ci rayuka da dama ya kuma bar kasuwa toka. Bayan wannan bai ƙara yin ƙarfi ba. Baba ne ya ɗauki gida tun yana saurayi, daga tura baro zuwa tebur, daga tebur zuwa shagon da muke ciki yau. Alhamdu lillahi.

Amma tambayar nan ta "ɗan ina ne kai" ba ta bar mu ba. Lokacin da na tashi neman takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, sai aka ce in kawo garin da aka haifi mahaifina da mai unguwar da zai shaide shi. Garin yana ƙarƙashin ruwa. A Kano kuma waɗanda suka san Kakana duk sun rasu. Na san da yawa cikin masu karanta wannan sun sha irin wannan, ko da babu dam a labarinsu.

Ziyarar Kiri

A 2019 na matsa wa Baba sai da ya kai ni. Muka hau mota daga tashar Jambutu zuwa Numan, daga nan muka kama hanyar Guyuk. Gaskiya wurin yana da kyau. Ruwa shimfiɗe iyakar ganinka, duwatsu daga nesa, masunta da kwale-kwalensu, har aka yi mana kashedi da dorina. Da yawa cikin masuntan Hausawa ne da suka zo daga nesa bayan an yi dam, wato ruwan da ya kori wasu Hausawa shi ya kawo wasu. Kamfanin sukarin ma yana nan, ya koma hannun Dangote tun farkon shekarun 2000, kuma mutane da yawa suna cin abinci a cikinsa. Duk wannan alheri ne, ban musa ba.

Muka ɗauki hayar kwale-kwale. Baba ya zauna a gaba yana kallon dutse, ba ruwa ba. Yana ta cewa mai tuƙi ya yi dama, ya ƙara gaba kaɗan, har sai da wani tsagi a jikin dutsen ya daidaita da wani ƙololuwa a bayansa. Sai ya ɗaga hannu ya ce a tsaya.

"Nan ne," in ji shi. "Daga ƙofar gidanmu haka dutsen yake."

Na leƙa, babu komai sai ruwa mai launin ƙasa. Na ce, "Baba, ka tabbata?"

Ya ce, "Kai yaro, ruwa ne ya zo daga baya. Dutse bai matsa ba."

Muka yi wa 'yan uwansa uku addu'a a nan cikin jirgi, muka juyo.

Lagdo da Dasin Hausa

To ga dalilin da ya sa na kawo duk wannan dogon labari. A shekarar da aka gama Kiri, wato 1982, a ita ce Kamaru ta gama dam ɗin Lagdo a kan Binuwai, sama da Garwa. Duk mazaunin Jimeta ya san wannan suna. In damina ta yi nisa aka ce za a saki ruwan Lagdo, masu gidaje da gonaki a bakin kogi ba sa barci. A ambaliyar 2012 hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce mutum 363 suka mutu a faɗin Najeriya, sama da miliyan 2 suka bar gidajensu. A 2022 waɗanda suka mutu sun haura 600. Ni kaina na taya abokai kwashe kaya cikin ruwa har ƙugu a wannan shekara.

Duk lokacin da haka ta faru, magana ɗaya ake yi a majalisa da gidajen rediyo: a gina dam ɗin Dasin Hausa a ƙaramar hukumar Fufore, wanda aka yi shekara arba'in ana zancensa, don ya tare ruwan da ke fitowa daga Kamaru, ya ba da lantarki da noman rani. Ni ma ina cikin masu so. Amma ban taɓa jin wani a majalisarmu ya tambaya su wa ke zaune a inda ruwan zai kwanta ba. Dam ɗin da ake cewa zai fi Lagdo girma ba a sama zai tsaya ba. Akwai ƙauyuka a wurin, da fadamu, da makiyaya, da maƙabartu. Akwai kuma irin Kakana, masu noma gonar aro da masu ɗan tebur a kasuwar ƙauye, waɗanda sunansu ba zai shiga littafin masu ƙidaya ba.

Don haka shawarata ga 'yan uwa guda uku ce. Ta farko, in muna kiran a gina dam, mu haɗa da kiran a fara zama da mutanen wurin tun kafin safiyo ya kafa turke, a ba manomi gona a madadin gona, a gina sabon wuri da ruwan sha da makaranta kafin a rufe kogi, a kuma ƙidaya mai aro da ɗan haya da makiyayi. Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa da sarakunan Hausawa suna da bakin da za su faɗi wannan. Ta biyu, duk wanda ke zaune ko noma a ƙasar aro, ya je da mai ƙasar gaban mai unguwa a rubuta, da shaidu, tun ana ga-maciji ba ta taso ba. Ba rashin yarda ba ne, kare zumunci ne ga 'ya'yan da ba su san yadda aka fara ba. Ta uku, wanda yake da tsoho a gida ya zauna da shi ya tambaye shi, ya ɗauka a waya. Ni na yi sakaci, sai da Kakata ta kusa tafiya na fara tambaya.

Ɗan mai masaukin Kakana yana nan da rai, ya tsufa, yana zaune a kan tudun da aka mayar da su. Duk shekara bayan girbi Baba yana aika masa da buhun gishiri da turmin atamfa, shi kuma ya aiko mana da daddawa. Baba ya ce in ba ya nan, wannan aike ya zama nawa. Na karɓa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Wanda gidansu ya taso daga Kiri, ko Dadin Kowa, ko wani wuri makamancin haka, ina roƙonsa shi ma ya rubuta nasa.